Hannun Hukuma a Aljihun Uba: Muhawara Kan Kuɗin Ciyar da Yara a Amurka

A Amurka idan aure ya mutu, ko zaman tare ya watse alhali akwai 'ya'ya a tsakani, ba dole ba ne uwar yara ta sake buɗe baki ta ce wa tsohon mijinta ya kawo na abinci. Akwai ofishin gwamnati da aikinsa ke nan. A ce mutum direban babbar mota ne a jihar Texas, abin da ke rage masa bayan haraji dala 3,000 a wata, yaransa biyu kuma suna hannun uwarsu. Ma'aunin jihar ya ce kashi 25 cikin ɗari na yaran ne. Da ɗa guda ne kashi 20, da uku ne kashi 30. Takardar umarni za ta tafi kai tsaye zuwa kamfanin da yake yi wa aiki. Kafin albashi ya shiga asusunsa an riga an zare dala 750 an tura wata cibiyar biyan kuɗi ta jiha, ita kuma ta zuba wa uwar a banki ko a wani kati da aka ba ta. Shi dai layi guda zai gani a takardar albashinsa, kusa da na haraji da na inshorar lafiya. Ba su gaisa ba, ba su yi cacar baki ba, amma tukunya ta hau wuta.

Duk wanda ya taɓa ganin bazawara da goyo tana safa da marwa tsakanin ƙofar gidan tsohon miji da zauren mai unguwa da harabar kotu, zai ce ai Amurkawa sun gama magance matsalar. Su kuwa shekara hamsin ke nan suna jayayya a kai. Wasu na ganin wannan ofishi shi ne gatan yaron da ubansa ya juya wa baya. Wasu na ganin ya zama sandar dukan talaka. Na karkata ga ɓangare guda, amma sai an ji kowa tukuna.

Asalin shirin wani sashe ne da aka ƙara wa babbar dokar walwalar jama'a ta ƙasar, wanda Shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu a watan Janairun 1975. Sanata Russell Long na jihar Louisiana ne ya tsaya kai da fata sai da aka yi ta. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne kuɗin tallafin da baitulmali ke kashewa kan mata marasa maza da yaransu, wanda ke ta hauhawa. Hujjarsa mai sauƙi ce: waɗannan yara suna da ubanni, a nemo su su biya. Ford kuwa, ko a ranar da ya sa hannu sai da ya nuna rashin jin daɗinsa cewa gwamnatin tarayya na kutsa kai cikin sha'anin iyali fiye da kima. Mai karatu ya riƙe wannan asali a ransa, domin zai dawo mana. Baitulmali aka fara tausaya wa kafin yaro.

Yadda abin ke gudana a yau, jihohi ne ke riƙe da ofisoshin, tarayya na biyan kashi 66 cikin ɗari na kuɗin gudanarwa. Wanda yara ke hannunsa, uwa ce ko uba, zai cike takardar nema. Cikin kowane mutum biyar masu riƙon yara su kaɗai, kusan huɗu mata ne, shi ya sa zan riƙa cewa uwa da uba don sauƙin magana. Ofishin zai fara da gano inda uban yake. Idan babu aure a tsakani kuma ya yi musu, a yi gwajin ƙwayar halitta. Daga nan a yanke adadi bisa ma'aunin jihar, a hannun alƙali ko jami'in ofis, sannan a shiga karɓa. Tun daga dokar 1996 da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu, duk kamfanin da ya ɗauki sabon ma'aikaci wajibi ne ya kai sunansa cikin kwana 20, sunan kuma ya shiga wani kundi na ƙasa baki ɗaya. Mutum ya bar Ohio ya sami aiki a Nevada, kafin ya gama sanin hanyar wurin aikin takardar cire kuɗi ta iske shi. Idan ya noƙe, akwai sauran makamai. Ana kama rarar harajin da ya kamata a mayar masa, a rufe asusunsa na banki, a dakatar da lasisinsa na tuƙi ko na sana'a. Bashin ya kai dala 2,500, a hana shi fasfo. Ƙarshen hanya kuma gidan yari.

Masu goyon bayan shirin sukan fara da ƙididdiga, kuma ƙididdigar tana da nauyi. Ana tara kusan dala biliyan 30 a shekara domin yara kusan miliyan 12, mafi yawanta ta hanyar cirewa daga albashi. Kowace dala guda da aka kashe wajen gudanarwa tana jawo fiye da dala 4. A gidan macen da ke aikin sharar ofisoshi ko tsaron kanti, dala 300 ko 400 a wata ita ce tazarar da ke tsakanin biyan haya da ganin kayanta a bakin titi.

Amma ni hujjarsu da ta fi kama ni ba ta lissafi ba ce. Ita ce maganar mutunci. Inda babu mai karɓa a tsakani, kuɗin ciyarwa sukan koma kyauta da uba ke bayarwa ran da ya ga dama, kuma kyauta tana zuwa da sharaɗi. Yau ya ce sai ta zo da kanta ta karɓa, gobe ya ce ya ji an gan ta da wani don haka babu, jibi ya aiko rabi tare da baƙar magana a bakin yaro. Yaron da ake aika wa ubansa da saƙon "Mama ta ce a ba da kuɗin makaranta" ya san abin da nake faɗa. Idan hukuma ta shiga tsakani, sai abin ya zama haƙƙi mai rana da adadi. Uwa ta daina roƙo, uba ya daina amfani da cikin ɗansa wajen rama fushinsa. Shi ma uban kirki yana da riba a ciki, domin kowace dala da ya biya tana rubuce, ba wanda zai tashi bayan shekara bakwai ya ce bai taɓa ba da ko sisi ba.

Suna kuma tunatar da mu cewa mai hali da ke gudun nauyi yana nan, ba ƙirƙirarsa aka yi ba. Akwai ɗan kwangilar da ke mayar da kamfaninsa sunan sabuwar matarsa, akwai mai neman a biya shi a hannu don kada a ga sawun kuɗin. Irin wannan ba ya jin nasiha, sai ya je sabunta fasfo an ce masa babu. Kuma duk da waɗannan makamai, alƙaluman hukumar ƙidaya ta ƙasar na shekarar 2017 sun nuna cewa cikin waɗanda ya kamata a biya, kusan kashi 46 cikin ɗari ne suka sami kuɗinsu cikakke, kusan kashi 30 kuma ba su ga komai ba. To, in ji su, idan da sanda a hannu abin ya tsaya a nan, ina ga an ajiye ta?

Masu suka ba su musanta ko ɗaya daga cikin wannan ba. Tambayarsu ita ce, a kan wa sandar take sauka?

Bashin kuɗin ciyarwa da ya taru a Amurka ya haura dala biliyan 100. Wanda ya ji wannan adadi zai ɗauka attajirai ne suka danne haƙƙin 'ya'yansu. A 2007 wata mai bincike, Elaine Sorensen, da abokan aikinta suka duba kundin manyan jihohi tara, suka tarar kusan kashi 70 cikin ɗari na bashin yana kan mutanen da ko dai ba a san su da wani kuɗin shiga ba, ko abin da suke samu bai wuce dala 10,000 a shekara ba. A Amurka wannan talauci ne tsagwaronsa. Tabbas a cikinsu akwai masu aikin ɓoye, amma ba za a ce dukansu maƙaryata ne ba.

Yadda bashin ke hawa kan irin waɗannan mutane shi ne abin dubawa. Sammaci ya tafi tsohon adireshi, ko ya iso mutum ya kasa gane abin da ke ciki, ranar zama bai zo ba. Sai a yanke adadi a bayan idonsa. Tunda ba a san abin da yake samu ba, a ƙiyasta masa cewa yana aikin awa 40 a mako a kan mafi ƙarancin albashi, ko da rabonsa da cikakken aiki an yi shekara. Daga wannan wata lissafi ya fara. Wasu jihohi suna ɗora kuɗin ruwa, na California kashi 10 cikin ɗari ne a shekara. Sannan ga wata doka ta 1986 mai ɗauke da sunan Sanata Bill Bradley, wadda ta hana alƙali rage bashin da ya riga ya taru. An yi ta ne da kyakkyawar niyya, don kada mutum ya ƙi biya shekara biyar sannan ya zo ya yi wa alƙali kuka a yafe masa. Sai dai ba ta bambance wanda ya ƙi da wanda ya kwanta asibiti ko aka sallame shi daga aiki ba. In bai garzaya ya nemi a rage masa adadin a kan lokaci ba, abin da ya wuce ya zauna daram. Shekaru da dama wasu jihohi suna ɗaukar zaman kurkuku a matsayin rashin aikin da mutum ya jawo wa kansa, don haka lissafi na ci gaba yana ciki, ya fito ya tarar da bashin dubban daloli. Sai a 2016, a ƙarshen mulkin Barack Obama, aka fito da ƙa'idar da ta hana hakan.

Sai kuma makaman su juya su cinye abin da aka zo nema. An dakatar da lasisin direba don ya biya, da me zai je aikin da zai biya? Doka ta yarda a cire har kashi 50 cikin ɗari na albashin wanda ke ciyar da wani iyali, kashi 60 ga wanda ba shi da wani nauyi, a ƙara kashi 5 idan bashin ya wuce mako 12. Mutumin da aka bar masa kashi 35 na ƙaramin albashi ba zai iya biyan hayar ɗaki ba. Abin da yakan yi shi ne ya bar aikin da ake rubutawa ya koma na bayan fage, inda babu takarda. Daga nan ba ofis, ba uwa, ba yaro, kowa ya rasa.

Shari'ar Michael Turner, wani mutum daga jihar Carolina ta Kudu, ta nuna abin a fili. An umarce shi ya riƙa biyan dala 51.73 a mako domin ciyar da 'yarsa. Ya sha kasawa, an sha kama shi da laifin raina kotu. A zaman 2008 ana bin sa dala 5,728.76. Ba shi da lauya, ita ma uwar yarinyar ba ta da shi. Ya gaya wa alƙali cewa ya yi fama da shaye-shaye kuma ya ji rauni a bayansa. Alƙali ya ɗaure shi wata 12. A takardar hukuncin akwai gurbin da ya kamata a cike, ko mutumin yana da halin biya ko ba shi da shi, sai aka bar gurbin fayau. Maganar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 2011 ta ce ba dole ne gwamnati ta ba irinsa lauya ba, amma ɗaurin bai inganta ba tunda ba a bincika halinsa ba. Shekara guda ya yi a gidan yari.

A wannan jiha dai, ranar 4 ga Afrilun 2015, ɗan sanda Michael Slager ya tsayar da Walter Scott, baƙar fata ɗan shekara 50, a garin North Charleston saboda fitilar birkin motarsa ta mutu. Scott ya fita da gudu, Slager ya harbe shi ta baya har lahira, wani mai wucewa ya ɗauki abin a waya. An yanke wa ɗan sandan shekara 20. Iyalan Scott sun ce abin da ya sa shi gudu tsoron a sake kulle shi ne kan bashin kuɗin ciyarwa, domin an taɓa kulle shi a kan haka har ya rasa aikinsa. Ba ofishin karɓar kuɗi ne ya harbe shi ba, kuma rashin adalci ne a ɗora masa jinin. Amma tsarin da ke sa uba ya ga motar 'yan sanda ya zura da gudu saboda bashin 'ya'yansa, dole a tsaya a tambaye shi.

A nan masu goyon baya suna da amsar da bai kamata a yi watsi da ita ba. Sukan ce, kun cika mu da labarin talaucin uba, ita uwar fa? Ita ma talaka ce, sau da yawa ta fi shi. Ranar da ba ta da shi ba ta da ofishin da za ta je ta nemi a rage mata adadin cin yaro. Duk dalar da aka sauke daga kan uba a kanta take sauka, shiru, ba takarda ba alƙali. Kuma idan aka ce duk wanda ya ce babu a ƙyale shi, gobe kowa zai ce babu. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ita ce ta hana ni bin masu cewa a rushe shirin gaba ɗaya. Sai dai amsar tana nuna cewa yaron na buƙatar kuɗi ne, ba ta nuna cewa ɗaure marar shi zai samar da su ba. Bashin da aka rubuta a kan wanda ba zai taɓa iya biya ba, lamba ce a kwamfuta, ba ta sayen madara.

Inda na ga masu goyon baya sun rasa ta cewa shi ne batun asalin nan da na ce a riƙe. Macen da talauci ya kai ta neman tallafin kuɗi na gwamnati, sharaɗi ne ta miƙa wa jiha haƙƙinta na kuɗin ciyarwa, ta kuma ba da sunan uban da inda za a same shi. In ta ƙi, a rage tallafin ko a yanke. Daga nan abin da aka cire daga albashin uban baitulmali yake shiga, jiha da tarayya su raba, a matsayin maida abin da aka kashe. A 1984 an ce a riƙa miƙa wa iyalin dala 50 ta farko, dokar 1996 ta cire wannan wajibci ta bar wa kowace jiha zaɓi. Dubi yadda abin yake a idon uban da ke wankin motoci: an zare masa dala 200, ya tambayi uwar ɗansa, ta ce ita ba ta ga komai ba, ko ta ga ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Ina mamaki idan irin wannan uba ya gwammace ya ɓoye wa ofis, ya sayi takalmi da kayan makaranta ya kai da hannunsa? Kuma abin takaici, wannan takalmin ba ya shiga lissafi. A idon doka kyauta ce, bashin na nan.

An gwada akasin haka, kuma an ga sakamako. A ƙarshen shekarun 1990 jihar Wisconsin ta raba masu karɓar tallafi gida biyu, wasu ana miƙa musu duk abin da uba ya biya, wasu wani ɓangare kawai. Ubannin da suka san kuɗin na isa ga 'ya'yansu sun fi biya. A 2017 Colorado ta zama jiha ta farko da ta koma miƙa wa iyali kuɗin wata-wata gaba ɗaya ba tare da rage musu tallafi ba. Birtaniya ma ta yi haka tun 2010. Har yanzu dai akwai jihohin Amurka da ke riƙe kuɗin.

Akwai koke biyu da zan taɓa a gurguje. Ubanni da yawa na cewa hukuma na da ofis sukutum na karɓar kuɗinsu amma ba ta da na tabbatar da sun ga 'ya'yansu, domin a doka biyan kuɗi daban, ziyara daban. Kokensu yana da tushe, ko da yake raba biyun shi ne daidai, don kada cikin yaro ya zama abin garkuwa a rigimar manya. Na biyun ya fi tsanani. Macen da ta gudo daga mijin da ke dukanta, takardar neman kuɗi na iya zama abin da zai tunzura shi ko ya nuna masa inda take. Dokar Amurka ta ba da damar a ɗauke wa irinta wajibcin ba da suna, amma sai ta san da damar kuma an yarda da ita. A Landan an kashe wata mata, Emma Day, a 2017, kuma tsohon abokin zamanta ne ya kashe ta bayan rigima kan kuɗin ciyarwa. Bayan haka ne aka sake duba tsarin Birtaniya, har majalisar ƙasar ta yi doka a 2023 domin a riƙa karɓa wa waɗanda aka ci zarafinsu ba sai sun yi hulɗa da mai cin zarafin ba.

Tunda an ambaci Birtaniya, tarihinta ya gwada ɓangarorin biyu. Hukumar karɓar kuɗin ciyarwa da ta fara aiki a 1993, wadda gwamnatin Margaret Thatcher ta ɗauko maganarta, ta shiga da ƙarfi ta kuma faɗi warwas: lissafi mai sarƙaƙiya, na'urorin da suka ƙi aiki, bashin da ya wuce fam biliyan 3. A 2006 gwamnati ta amince cewa gyara ba zai yiwu ba. Wadda ta gaje ta a 2012 ta ja da baya. Ta sauƙaƙa ma'auni, kashi 12 cikin ɗari na albashi ga ɗa guda, 16 ga biyu, 19 ga uku zuwa sama ga masu matsakaicin samu, ta ce iyaye su riƙa biyan juna kai tsaye. In sai hukuma ta karɓa, mai biya ya ƙara kashi 20 a sama, mai karɓa a cire mata kashi 4. Wato matar da tsohon mijinta ya ƙi biya, ita ma sai an caje ta saboda taurin kansa. Ja da bayan hukuma bai sa masu ƙin biya sun shiryu ba, ya dai mayar da aikin bin bashi kan uwa.

Jamus ta bi wata hanya da nake ganin ta fi kusa da amsa. Idan uba bai biya ba, hukuma ce ke fara ba yaron wani adadi duk wata daga baitulmali, sannan ita ta bi uban. Tun 2017 ana iya biya har yaro ya kai shekara 18. Abin da take iya dawowa da shi daga ubannin bai kai kashi ɗaya bisa huɗu ba, kuma masu suka na nuna wannan a matsayin asara. Ni kuwa ina ganin adadin yana faɗa mana gaskiyar da Amurka ta daɗe tana kauce wa: da yawan waɗanda ba sa biya ba su da shi ne, kuma wani ne zai ɗauki nauyin, ko al'umma ko uwa ita kaɗai.

Mu a ƙasar Hausa ba hukunci muka rasa ba. Fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi ya ɗora wa uba ciyar da ɗansa namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ko da yaran suna hannun uwa. Ya kuma bambance mai hali da marar hali, a nafaƙa da ma a ɗaurin bashi, bambancin da alƙalin Turner ya tsallake. Abin da muka rasa shi ne mai karɓa. Alƙali ya yanke naira kaza duk wata, tsohon miji ya biya wata biyu ya ɗauke ƙafa, sai matar ta sake neman kuɗin mota da na sammaci ta koma kotu ko ofishin Hisba, wani lokaci abin da za ta kashe ya kusa kai abin da take bi. In ta matsa, amsar da kowa ya sani ita ce, "In ba za ki iya ba ki kawo mini 'ya'yana." Tsoron wannan kalma ya sa mata da yawa haƙura. Kwafo tsarin Amurka yadda yake ba zai yiwu ba, domin ƙarfinsa a kan takardar albashi yake, mu kuwa yawancin ubanni 'yan kasuwa ne da manoma da masu Adaidaita Sahu. Amma ma'aikacin gwamnati da na banki da na kamfani suna da albashin da ake gani, kuma a kansu babu uzuri.

Hukuncina shi ne masu goyon baya sun yi gaskiya a kan tushe, masu suka sun yi gaskiya a kan aiki. Ciyar da yaro ya fi ƙarfin a bar shi ga ganin damar wanda ya fusata, don haka hukuma ta tsaya a tsakani. Amma ta yanke adadi a kan abin da mutum ke samu da gaske, ta sauƙaƙa rage shi ran da samu ya ragu, kada ta kulle kowa sai ta tabbatar yana da shi ya hana. Ga 'yan majalisun jihohinmu da malaman da ke zama kan dokar iyali, roƙona kada su tsaya a rubuta cewa uba ya ciyar, wannan an daɗe da rubuta shi. Su rubuta ofishin da zai karɓa, da ranar da za a biya, da cewa duk kwabon da aka karɓa da sunan yaro hannun mai riƙonsa zai shiga, ba asusun gwamnati ba.